Kantin maganin Aboabo da ya ƙi sayar mana da ƙwayar fitsari

A Aboabo akwai wani kantin magani mai ƙofar gilashi, da ɗan ɗakin ɗibar jini a bayansa. Ba zan kama sunansa ba, domin zan faɗi abin da na yaba da kuma abin da bai yi mini ba, kuma ba na son a ce na ɓata wa mutanen kirki kasuwa. A nan nake karɓar wa mahaifiyata maganin tayirod, kuma duk wanda ya tambaye ni inda zai kai mai irin wannan ciwo a Kumasi, nan nake nuna masa, duk da tsadarsa da ƙuncin wurinsa. Dalilina shi ne matar da ke riƙe da kantin ba ta miƙa magani sai ta san abin da za a yi da shi.

Ni malamar makaranta ce a Asawase, ba likita ba. Abin da zan rubuta shi ne abin da ya faru da mahaifiyata, Mma, da abin da aka koya mini a wannan kanti da kuma a asibiti.

Shekarun baya an yi wa Mma aikin maƙoƙo, aka cire mata tayirod, wato 'yar halittar nan da ke gaban wuya wadda ke samar da sinadarin da ke tafiyar da zafin jiki da bugun zuciya da narkar abinci. Aka ce ta riƙa shan wata 'yar ƙwaya kullum har iya rayuwarta. Ta sha na wani lokaci, da ta ga garau take sai ta ajiye. Shi kuwa wannan ciwo ba ya zuwa da hayaniya. A hankali ta koma mai jin sanyi ko a zafin watan Maris, ga yawan barci, fata ta bushe, gashi yana zuba, murya ta yi kauri, bayan gida ya yi tauri, fuska ta kumbura musamman da safe. In ka yi mata tambaya sai ta jima kafin ta amsa. Duk gida aka ce tsufa ne. Sai da ciki ya fara tasowa, ya yi tsini har ruku'u ya gagare ta, sannan hankalin kowa ya tashi. Masu zuwa dubiya kowa da nasa: wannan ta ce hanta ce, waccan ta ce sammu ne. Wani ɗan'uwa ya sayo mata Lasix, wato ƙwayar fitsari, a wani kemis, ta yi ta fitsari, cikin ya ɗan sauka ya sake dawowa, ita kuwa ta ƙara galabaita, jiri yana ɗibarta in ta miƙe.

Kawu, ƙanen Mma, shi ya ce mu tafi babban kanti a samo mai ƙarfi. Ya ajiye fankon kwalin a kan teburin kantin, sai Hajiyar kantin ta ɗauka ta juya shi.

"Alhaji, wane likita ne ya rubuta mata wannan?"

"Ba likita ba ne, a kemis aka ba mu."

"To ka yi haƙuri, ni ba zan ba ku ba. Ina mai jikin?"

Ta fito daga bayan teburin, ta rusuna ta gaishe da Mma, ta ce, "Mma, sannu da jiki. Ɗan sassauta mayafin nan in ga wuyanki." Ta ga tabon aiki. Ta kama hannunta tana duban agogo, ta ce bugun yana tafiya a hankali. Sannan ta tambaye ta yaushe rabonta da ƙwayar wuya. Kawu ya ɗan hasala, ya ce shi da kuɗinsa ya zo. Ta ce, "Alhaji, kuɗinka ba zai ƙare a kan wannan ba, amma in na ba ka ban yi wa 'yar'uwarka adalci ba."

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yanke hukunci ba, ko da yake ta riga ta yi zargi. Ta ce taruwar ruwa a ciki ba ciwo ba ce ita kaɗai, alama ce, kuma iyayenta da yawa. Mafi yawan lokuta daga hanta take, kuma a ƙasarmu ciwon hanta nau'in B ya yi yawa. Tana iya zuwa daga raunin zuciya, ko ƙoda, ko tarin fuka da ya sauka a ciki, ko ciwon daji. Raunin tayirod yana kawo ta, amma ba kasafai ba: a cikin masu raunin tayirod ɗari, waɗanda ruwa ke tarar musu a ciki ba su kai huɗu ba, kuma galibi sai ciwon ya daɗe ba a kula shi ba. Saboda haka ta ce ko da gwajin wuya ya nuna matsala, dole a je asibiti a duba sauran. Ta sa aka ɗebi jinin Mma a ɗakin baya, ta rubuta mana 'yar takarda da hannunta, ta jera aikin da aka taɓa yi, da maganin da aka daina, da wanda aka sha ba a rubuta ba. Ta ce a nan Kumasi ƙwararrun irin wannan ciwo suna Komfo Anokye da ke Bantama, wanda muke kira Gee.

Gwajin da aka yi biyu ne, TSH da T4. T4 shi ne sinadarin da tayirod ke fitarwa. TSH kuwa daga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake fitowa, aikinsa ya zaburar da tayirod. Hajiya ta kwatanta mini shi da uwa mai kiran yaro ya tashi sallar asuba: in ya amsa sai ta yi shiru, in bai motsa ba sai ta yi ta ɗaga murya. Don haka TSH mai yawa yana nufin tayirod ba ya aiki, ba wai ya yi ƙarfi ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa in sun karɓi takardarsu. A mafi yawan ɗakunan gwaji, lafiyayyen mutum yana tsakanin 0.4 da 4 ko kusa da haka. Na Mma ya haura 100, T4 kuwa ya yi ƙasa ƙwarai.

A asibiti an yi mata hoton ciki da na zuciya, an gwada hanta da ƙoda, an zuƙi ruwan cikin da allura an kai ɗakin gwaji. Hanta lafiya lau, ba tarin fuka, ba ƙwayoyin daji. Ruwan yana ɗauke da furotin mai yawa, wanda haka ruwan raunin tayirod yakan kasance. Bayanin da likita ya yi mana shi ne, in sinadarin ya yi ƙaranci na dogon lokaci, ƙananan jijiyoyin jini sukan riƙa yoyon furotin, shi kuma ya ja ruwa ya bi shi, sannan hanyoyin da ke kwashe wannan ruwa su mayar da shi jini su ma sun yi sanyi. Shi ya sa wasu ruwan kan tarar musu har a kewayen huhu ko zuciya. Akwai wani gwajin jini da ake kira CA-125 wanda ake dangantawa da dajin ƙwan mace. Na Mma ya hau, muka kwana ba barci. Da na kai wa Hajiya takardar, ta ce in kwantar da hankalina in jira likita, domin wannan lamba tana hawa a kusan duk wanda ruwa ya tarar masa a ciki, ko mene ne sanadin. Haka likitan ya maimaita.

Yanzu maganar zaɓin magani, wadda a kanta ne na san darajar wannan kanti.

Likita ya rubuta lebotairoksin, wato T4 da aka haɗa a masana'anta, daidai da wanda jiki ke yi. A kantuna za ka gan shi da sunaye irin su Euthyrox da Eltroxin, a awon maikirogiram 25 da 50 da 100. Ya fara mata da 25. Kawu ya ce wannan ai wasa ne, mutum ciki kamar zai fashe a ba shi mafi ƙanƙantar ƙwaya? Hajiya ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Matashi mai lafiyayyar zuciya ana iya fara masa da cikakken awo, kimanin maikirogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa. Amma dattijuwar da zuciyarta ta daɗe tana tafiya a hankali, in aka zuba mata cikakken awo rana ɗaya, ana iya jawo mata ciwon ƙirji ko rikicewar bugu. Sai a fara kaɗan, a riƙa ƙarawa mataki-mataki, ana gwada TSH bayan mako shida zuwa takwas, domin maganin yana daɗewa a jini, sai ya yi kusan mako guda kafin rabinsa ya fita, kuma jiki ba ya daidaita da sabon awo sai bayan makonni. Ta gaya mana tun farko kada mu sa ran ciki ya sauka cikin kwanaki. Da ba ta faɗa ba, na san da an koma neman wani abu daban. A hankali muryar Mma ta washe, fuska ta saɓe, ta fara tashi da wuri, cikin kuma ya yi ta raguwa cikin watanni har ya koma yadda yake, ba tare da an sake zuƙar ruwa ba. Yanzu tana kan 100.

Ita kuwa ƙwayar fitsari, likita ya dakatar da ita. Lasix da sifironolakton magunguna ne na gaske, su ake ba mai ruwan ciki na hanta ko na zuciya, kuma suna taimako ƙwarai a can. Amma ba sa taɓa sanadin ruwan tayirod. Bugu da ƙari, mai tsananin raunin tayirod gishirin jininsa, wato sodiyam, yakan riga ya yi ƙasa, ƙwayar fitsari kuma tana ƙara zubar da shi, mutum ya shiga ruɗewa ko ya faɗi. Wannan shi ne jirin da Mma ta yi ta fama da shi. Hajiya ta kuma gargaɗe mu da maganin barci da masu sa maye, ta ce mai irin wannan hali suna iya danne masa numfashi su kai shi ga doguwar suma. Ya kamata a sani cewa a Gana kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani daban yake da kemis ɗin unguwa. Dukansu hukuma ce ke ba su lasisi, amma na kemis bai ba shi damar sayar da maganin da sai da takardar likita ba. Muna yawan mantawa da wannan saboda kemis ya fi kusa, kuma yana ba da bashi.

Daga baya yayana da ke Bronx a Amurka ya aiko da kwalabe biyu, ya kuma bugo waya yana cewa a can mutane sun bar maganin masana'anta sun koma na asali. Na san da zuciya ɗaya ya yi. Na kwashi kwalaben na kai kanti, Hajiya ta sa gilashinta ta karanta rubutun bayansu layi-layi, ba ta raina su ba. Ta farko ciyawar teku ce mai yawan aidin, haɗe da bayotin. Ta ce aidin kayan aiki ne da tayirod ke sarrafawa, to Mma an cire mata tayirod ɗin, wa zai sarrafa? Ga wanda nasa ke nan ma, musamman mai ciwon Hashimoto, wanda garkuwar jiki ke cinye tayirod ɗinsa a hankali, aidin mai yawa yana iya ƙara dagula lamarin. Ƙarancin aidin matsala ce ta gaske, ita ke haddasa yawancin maƙoƙo, shi ya sa tun 1996 doka ta wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Gana. Amma wannan rigakafi ne, ba ya maye gurbin ƙwaya. Shi kuma bayotin, wanda mata ke sha don gashi da farce, yana rikita sakamakon gwajin tayirod a na'urori da yawa, har takarda ta nuna abin da ba shi ne a jiki ba. Mai shan sa sai ya dakata aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini.

Ta biyun kuwa, wadda yayana ke kira na asali, busasshen tayirod ɗin dabba ne da ake niƙawa a yi ƙwaya, irin su Armour Thyroid. Hajiya ta dube ni ta ce, "Malama, kin san daga wace dabba ake yin sa? Alade." Ban taɓa ji ba, kuma na tabbata yayana ma bai sani ba. Ta ce hukuncin lalura na malamai ne, amma a nan babu lalura tunda ga wanda ya fi shi a hannu. Ba sabon ci gaba ba ne ma, shi ne tsohon yayi: tun 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata magani da ruwan tayirod ɗin tunkiya, sai a 1914 Edward Kendall ya tace sinadarin a Amurka, a 1927 kuma aka iya haɗa shi a ɗakin bincike. Matsalar na dabba ita ce yana ɗauke da T3, ɗaya sinadarin na tayirod, fiye da yadda jikin mutum ya saba, kusan kashi ɗaya a kan kowane huɗu na T4, alhali tayirod ɗin mutum yana fitar da wajen ɗaya a kan goma sha huɗu. T3 shi ne mai zafin aiki, yana hawa da sauri ya sauka da sauri, yana iya sa bugun zuciya da rawar hannu, ba abin da za a ba dattijuwa da ka ba ne. Akwai ƙwayarsa shi kaɗai, liyotaironin, wadda ƙwararru kan gwada haɗawa da T4 ga 'yan kaɗan da suka ci gaba da jin jiki duk da gwajinsu ya daidaita. Ga yawancin mutane jiki da kansa yake juya T4 zuwa T3 gwargwadon buƙatarsa.

Yadda ake shan ƙwayar ma sai da aka koya mana, kuma a ganina nan ne yawancin kantuna ke gazawa, su miƙo kwali su ce ɗaya kullum. Ana shan ta da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a karya. Mma ta saba da kokonta da ƙosai da zarar ta sallame asuba, sai Hajiya ta ce ta riƙa haɗiyar ƙwayar tun da ta tashi alwala, kafin ta gama sallah da lazimi lokaci ya cika. Shayi mai madara da kofi da waken suya duk suna rage shigarta jini. Maganin ƙarin jini, da kalsiyam na ƙashi, da farin ruwan nan na ƙwarnafi, sai an ba su tazarar awa huɗu. Mma tana shan na ƙarin jini, aka mayar da shi bayan azahar. Da azumi ya gabato, Hajiya da kanta ta tuna mana tun kafin mu tambaya: ko a sha kafin sahur da rabin awa ko fiye, ko a sha lokacin kwanciya in an yi awa uku ba a ci komai ba, a zaɓi ɗaya a tsaya a kansa. Ta ce a bar ƙwayar cikin takardarta, nesa da rana da danshi, kada a zube ta a leda ko a ajiye kusa da murhu.

Tana da wani littafi da take rubuta sunan kamfanin da kowane mai ciwon tayirod ke sha, tana ƙoƙarin kada ta sauya masa. Ta ce awon ƙanƙane ne ƙwarai, ɗan bambanci tsakanin kamfani da kamfani yana iya motsa TSH ga wasu. Ta ba ni misalin Faransa, inda a 2017 aka sauya haɗin wani sanannen maganin tayirod, dubban mutane suka yi ƙorafi har maganar ta kai kotu. In dole ta sa aka sauya, takan rubuta ranar a jikin kwali, ta ce a gwada jini bayan mako shida.

To, sai abin da bai yi mini ba. Farashinsu ya fi na manyan dilolin Adum, kuma ga maganin da za a sha har abada wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni na zaɓi in biya, amma na san gidajen da ba za su iya ba. Wurin ƙarami ne, benci ɗaya, da yamma layi har waje, tsoho ya tsaya a rana. Jinin tayirod ba a nan suke gwada shi ba, aikawa suke yi, don haka sakamako ba ya fitowa a ranar, wani lokaci sai ka bi sawu. Mai maikirogiram 25 yana yawan yankewa, kuma shi ne wanda dattijai masu farawa suka fi buƙata. An taɓa ce mana mu raba na 50 biyu, wanda ba laifi in ƙwayar tana da tsaga a tsakiya, amma hannun tsohuwa da idonta ba lallai su raba daidai ba, ni nake yi mata. Sannan duk wannan alheri a jikin mutum ɗaya yake. In Hajiya ba ta nan, yaran kantin suna da ladabi, ba sa ba da abin da ba a rubuta ba, amma bayani ba ya wuce "ɗaya da safe". Mai zuwa karon farko ya tambayi lokacin da take zaune, galibi da hantsi ne.

Wanda ya fi damuna shi ne rashin sirri. Ranar da aka tambayi Mma batun bayan gida da fitsari, maza uku suna tsaye a bayanmu suna jiran canji, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ni na amsa mata. Matar da ta zo ita kaɗai da kumburin ciki, ko mai juna biyu da ke buƙatar a gaya mata cewa awon maganinta zai ƙaru tun farkon ciki, ba za ta buɗe baki a haka ba. Na faɗa wa Hajiya gaba da gaba cewa ko labule ne a sa a lungun da ke kusa da ɗakin ɗibar jini, da kujera biyu. Ta karɓi maganar, ta ce tana neman izinin mai gidan ta ɗan fasa bangon. Har zuwa karɓar maganin da na yi na ƙarshe ba a fara aikin ba, saboda haka in za ki kai mahaifiyarki, ki roƙa a shigar da ku ɗakin baya kafin a fara tambayoyi, ba sa ƙi.